Ba a Ɗaga Allura a Tsakiyar Waƙa

Aikin ba wani aiki ba ne. A je tsohon gidan rediyon da ke bayan gari, a kwashe faya-fayan garmahon da ke ciki a zuba a kwalaye, domin mai sayen tsofaffin kaya zai zo da mota washegari. Da safe ana iya yin sa, da rana ma ana iya yi. Amma da Manaja ya tambayi Injiniya lokacin da za su je, sai ta ɗaga kai ta dubi agogon bango ta ce motar ofis ba za ta samu ba sai gab da magariba. Ƙarya ta shirga masa. Tun safe motar tana fake a inuwa, makullinta kuma yana cikin jakarta.

Manaja ya ce to shi ke nan, amma ƙafarsa ƙafarta. Shi kaɗai ke riƙe da makullin tsohon ginin, kuma bai yarda ya bar ta ita kaɗai da kayan ubanta ba, kada ta zari wani abu. Da ma abin da take so ke nan.

Injiniya ita ce mai kula da sauti a gidan rediyon, kuma 'yar Baba Mai Faifai ce. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana gabatar da shirin tsofaffin waƙoƙi, sa'a guda kullum da faɗuwar rana. Ko da gidan rediyon ya koma sabon gini a tsakiyar gari, aka cika shi da kwamfutoci, Baba ya ce shi yana nan a tsohon ɗakinsa na gindin eriya, sai dai a ja masa waya. Haka aka yi. Yana can yana ɗora faifai, 'yarsa tana nan sabon gini a kan teburin sauti tana fitar da shi ga jama'a.

Dokoki biyu gare shi, kowa a gidan ya san su. Ba ya ɗaga allura a tsakiyar waƙa, ko da mai gidan rediyon ne ya bugo waya. Kuma kullum da waƙa ɗaya yake rufe shiri, wata tsohuwar waƙa da yake kira waƙar sallama. Yana da wasu bencina uku a jikin bangon situdiyo waɗanda ba wanda ya taɓa ganin an zauna a kai, amma kullum sai ya goge su da tsumma kafin ya fara. Abokan aiki suna tsokanarsa cewa baƙinsa ba su da cika alkawari, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da gugarsa.

Sai aka kawo Manaja. Matashi ne mai kwat da turare mai hawa kai, ba ya buɗe baki sai ya ce bincike ya nuna, har ma'aikata suka laƙaba masa sunan a bayan idonsa. Bincike ya nuna masu talla matasa suke nema. Bincike ya nuna tsofaffi ba sa sayen komai sai maganin ciwon gwiwa. A taron farko da ya kira, a gaban kowa, ya ce masu sauraron shirin Baba rabinsu suna kabari, sauran rabin suna kan hanya. Wasu suka yi dariyar neman gindin zama. Baba bai ɗaga murya ba, ya ce masa kawai, “Yaro, ba ka san masu saurarona ba.”

Ranar shirin ƙarshe Injiniya ba za ta manta da ita ba har ta koma ga Allah. Saura minti biyu bakwai ta cika, waƙar sallama tana tsakiya, Manaja ya shigo ya tsaya a bayanta ya ce a yanke a sa tallan wani lemon kwalba. Ta ce ya bari ta ƙare. Ya miƙo hannu ta saman kafaɗarta, ya ja maɓallin sautin Baba ƙasa da kansa. A daidai lokacin, bisa umarninsa, aka kashe janaretan tsohon ginin, aka fito da Baba cikin duhu, aka datse ƙofa da sabon kwaɗo.

Sau uku Baba yana zuwa ofishin Manaja. Ba aikinsa ya je roƙo ba. Minti biyu kawai ya nema, a buɗe masa ɗakin a kunna wuta ya ƙarasa waƙar nan. Sau ukun nan Manaja ya bar shi zaune a baranda daga hantsi har la'asar, yana wucewa ta gabansa da waya a kunne. Injiniya tana kallo ta taga, amma ba ta sa baki ba don tana tsoron rasa aikinta.

Baba bai rufa wata biyu ba ya kwanta. Ana gobe zai rasu ya sa matarsa Umma ta fita, ya kamo hannun 'yarsa ya gaya mata abin da ya ɓoye shekara talatin da ɗaya. Filin da aka kafa eriyar nan yana da masu shi tun kafin mutane su zo. Da magariba suke shigowa su zauna a bencinan su saurari waƙa, ba su taɓa cutar da kowa ba. Amma ba sa tashi sai sun ji waƙar sallama har ƙarshenta.

“Ba a sallame su ba,” in ji shi, muryarsa da ƙyar take fita. “Suna nan zaune. Ki gaya wa yaron nan kada ya kuskura ya shiga ɗakin da magariba.”

Ta ce za ta gaya masa. Wata biyar ke nan, ba ta gaya masa ba.

Ita ta ja motar. Manaja yana gefe yana latsa waya, yana mita cewa masu talla har yanzu ba su ƙaru ba, wai mutanen garin nan ba su san ci gaba ba. Ita ta san dalili. Gidan rediyonsu ya koma irin sauran guda goma da ke garin, kiɗa ɗaya, ihu ɗaya, har mai sauraro ba ya gane inda ya murɗa. Suka wuce garejin kanikawa, suka wuce juji, kwalta ta ƙare, mota ta fara tsalle a kan tsakuwa. Can gaba eriyar ta bayyana, doguwa, baƙa, rana tana faɗuwa a bayanta.

Maigadi, wani dattijo da ya yi zamani da Baba, ya kwashe tabarmarsa daga bakin ƙofar ginin ya mayar da ita can wajen shinge. Ya taso ya tare su, ya rage murya ya ce su bari sai da safe. Ya ce tun ranar da aka rufe ɗakin yake jin bencina suna ƙara, irin ƙarar da benci ke yi idan mutum ya gaji da zama ya gyara. Manaja ya yi dariya ya ce ɓeraye ne, ya wuce yana kaɗa makulli.

Maigadi ya dubi Injiniya, ya dubi sama inda haske ke ƙarewa, ya sake dubanta.

“'Yar Baba,” ya ce a hankali, “ke ma ba ki san lokaci ba ne?”

Ta kawar da kai ta ɗauki kwalayen ta bi Manaja.

Kwaɗon ya buɗe ba gardama. Ciki duhu ne, sai fitilar wayar Manaja. Warin ƙura da tsohuwar takarda ya tare su a soro, wannan ta san shi tun tana yarinya. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani warin daban, na ɗakin da jama'a suka daɗe a ciki ba a buɗe taga ba.

Ɗakuna biyu ne a ginin. Na farko ɗakin injiniya, da tsohon teburin sauti da lasifika a bango. Na biyu situdiyon Baba, mai ƙofa mai kauri wadda sauti ba ya ratsawa. Tsakaninsu babban gilashi ne. Injiniya ta ajiye kwalayen, ta ce ita za ta fara da wayoyin da ke nan, shi ya shiga ya fara da faya-fayan. Ta ja kujerar teburin ta zauna.

Ya shiga da kwali ɗaya. Ta cikin gilashi tana ganin haskensa yana yawo a kan kantocin faya-fayai, a kan kujerar Baba, a kan makirufo. Ƙura ta lulluɓe komai. Da hasken ya faɗa kan bencinan nan uku sai ta ga suna ƙyalli, babu ko ɗigon ƙura a kansu.

“Wane irin zafi ne a ɗakin nan?” in ji Manaja, yana sassauta wuyan riga.

Faifan waƙar sallama yana nan a kan garmaho yadda aka bar shi, allura tana tsaye a tsakiyarsa. Ta ga ya nufe shi. Maganar Baba ta taso mata har maƙogwaro. Kalma ɗaya ta isa, ta ce masa tsaya. Ta tuna barandar nan da ubanta zaune a kanta da hularsa a gwiwa, sai ta haɗiye maganar.

Ya ɗaga allurar.

Lasifikar bango ta yi wani ƙara mai tsini, alhali babu wuta a ginin. Manaja ya zabura, faifan ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi a kan siminti ya rabe biyu.

Jar fitilar da ke saman ƙofa, wadda ke nuna ana kan iska, ta kama.

Ƙofar situdiyo ta fara rufuwa a hankali, ba hannun kowa a jikinta. Ta haɗe da bango da wani ɗan huci.

Fitilar wayarsa ta mutu. Sai jan hasken nan kawai.

Agogon bango da ya tsaya tun wata bakwai a kan bakwai saura minti biyu ya ce ƙyas. Ya sake cewa ƙyas.

Da farko ba ta ga kowa ba. Bencinan ta gani sun lanƙwasa a tsakiya, yadda katako ke yi idan an cika shi da mutane. Sai da ta daina kallon cikin ɗakin ta kalli jikin gilashin kansa, sannan ta gan su. Sahu-sahu suke. Wasu dogaye har sun sunkuyar da kai saboda rufi. Wasu ƙanana sun zauna a ƙasa sun tanƙwashe ƙafa. Ba ta iya rarrabe fuskokinsu ba. Abu ɗaya ta gani sarai, kowannensu ya kara tafin hannu a bayan kunne, irin na mai jiran a ci gaba da magana.

Duk suka juyo suka dubi Manaja.

Ya ruga ƙofa yana jijjiga ta. Bakinsa a buɗe, jijiyoyin wuyansa sun tashi, amma ko ƙus ba ta ji ba. Sai ta ga ƙafafunsa suna jan ƙasa, ana mayar da shi baya, aka zaunar da shi a kujerar Baba. Makirufo ya sunkuyo da kansa ya tsaya a saitin bakinsa.

Injiniya ta miƙa hannu ta tura maɓallin sauti sama. Tana so ta ji.

“Injiniya, buɗe ƙo…”

Wani dogon yatsa ya sauko a iska a gaban maƙogwaronsa, yadda ake jan maɓalli ƙasa. Maganar ta yanke.

“Don Allah ki taima…”

Yatsan ya sake saukowa.

“Na tu…”

Kada a yi ƙarya, daɗi ta ji. Wani sanyi ya ratsa ƙirjinta wanda rabonta da shi tun ranar da aka fita da Baba. Ta jawo ƙaramin makirufon da injiniya ke magana da mai gabatarwa, ta danna, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

“Minti biyu ya roƙe ka. Sau uku.”

Ya ɗago ya dube ta ta cikin gilashi. A idonsa ta ga ya gane wanda ya zaɓi lokacin zuwan nan.

Yanzu ba maganarsa kaɗai ake yankewa ba. Numfashinsa ne. Zai ja, a tsayar a rabi. Zai fitar, a tsayar a rabi. Lasifikar tana kawo mata shi tsaf, wani ɗan shaƙuwa, shiru, wani ɗan shaƙuwa. Ta dubi agogo. Ta ce a ranta za ta ba shi minti biyun Baba cif, ya ɗanɗana tsawonsu, sannan ta san abin yi.

Minti ɗaya ya wuce. Leɓɓansa suka fara canza launi.

Sai warin nan na rufaffen ɗaki ya cika hancinta.

Kujerar da ke bayanta ta yi ƙara.

Ba ta waiga ba. Wani numfashi mai ɗumi ya sauka a bayan kunnenta, daidai inda hannun Manaja ya bi ran nan.

“Ke ce a kan tebur,” in ji wata murya, busasshiya, a hankali.

Ta dubi hannunta a kan teburin.

“Shi ya ja ƙasa. Hannunki yana kusa. Ba ki mayar ba.”

Gaskiya ce, kuma ita ce gaskiyar da ta yi wata bakwai tana guje wa. Ran nan yatsunta suna dab da maɓallin. Tura shi sama bai fi ƙiftawar ido ba. Ta zauna ta bar tallan lemo ya wuce.

Ta ja numfashi za ta yi magana, aka tsayar da shi a rabi.

Ƙirjinta ya ɗaure. Ta riƙe gefen tebur. Idanunta suka fara ganin duhu-duhu. A jikin gilashi ta ga rabin sahun sun juyo, ita suke kallo.

Aka sakar mata kaɗan.

“A ƙarasa mana.”

“Faifan ya fashe,” ta ce da ƙyar.

“A ƙarasa.”

Agogo ya ce ƙyas. Saura daƙiƙa arba'in bakwai ta cika. Ba wanda ya gaya mata, amma ta san in allurar agogon nan ta kai, daga ita har Manaja ba mai fita.

Ita ba mawaƙiya ba ce. Ko a gida Umma kan ce muryarta ta korar kaji ce. Amma waƙar nan da ita ta girma, kuma ta san daidai inda aka yanke ta, don wata bakwai ke nan gutsuren yana kwana a kunnenta. Mawaƙin ya ce, kasuwa ta watse, mai tabarma naɗe taka, mai nisa kama, sai aka ja maɓalli.

Ta danna makirufo. Ba ta faro daga farko ba. Ta ɗauka daga inda aka tsaya.

“…hanya tun da sauran haske.”

Muryarta tana rawa, tana karyewa. Ba a tsayar da ita ba.

“Mai kusa ja ƙofarka, kada raɓa ta same ka.
Wanda ya zo ya kyauta, wanda zai tafi ya sauka lafiya.
Gobe ma rana ce, a bar ta ta zo da kanta.”

Ta ja ƙarshen yadda mawaƙin ke jan sa, har iskar ƙirjinta ta ƙare.

Shiru.

Sai hannuwan suka fara sauka daga bayan kunnuwa, ɗaya bayan ɗaya. Benci na farko ya miƙe da ƙara. Na biyu. Na uku. Ƙofar situdiyo ta buɗe, suka fara wucewa ta bayanta zuwa soro, ba ta ganin su sai dai ɗuminsu da take ji yana gogar kafaɗarta. Sun daɗe suna wucewa. Ba ta taɓa zaton ɗakin zai ci wannan yawan ba.

Na ƙarshe ya tsaya.

“Muryar ta yi,” in ji busasshiyar muryar nan. “Gobe war haka.”

“Ni ba mai gabatarwa ba ce.”

“Ke kika sa aka buɗe ƙofa da magariba. Ke kika kawo mana shi, mun karɓa. Gobe war haka.”

Jar fitila ta mutu.

Ba ta san yadda ta kai ƙofar waje ba. Ta dai tuna tana jan Manaja ta wuyan kwat, takalminsa ɗaya ya cire, Maigadi ya rugo yana salati ya kama ƙafafunsa suka jefa shi a bayan mota. Ta tayar da mota sau uku kafin ta kama. Har suka hau kwalta ba ta kalli madubi ba.

Manaja bai mutu ba. Likitoci sun duba maƙogwaronsa sun ce lafiya ƙalau yake. Yana ci, yana tafiya, yana gane mutane, amma tun daga ranar bai sake ƙarasa magana ba. Zai faro ta da kyau, in ya kai tsakiya sai ta yanke, ya tsaya da baki a buɗe. Mutumin da bakinsa ne sana'arsa, dole ya ajiye aiki.

Washegari mai sayen tsofaffin kaya ya zo, Injiniya ta sallame shi hannu wofi. Ta shiga wurin mai gidan rediyon ta ce a mayar da shirin Baba, ita za ta yi. Ya ce da ma shi tun farko bai so a cire ba, irin maganar da masu gida ke yi bayan ruwa ya ɗauke. Ya ba ta wata uku ta gwada.

Shirin ya karɓu fiye da zaton kowa. Tsofaffi suka dawo, suka jawo 'ya'yansu da suka gaji da ihun sauran tashoshi. Direbobi suna kama shi a kan hanyar komawa gida, teloli suna bugo waya suna neman waƙar da iyayensu mata ke yi a tsakar gida. Masu maganin gwiwar da aka raina suka kawo talla, masu tabarau suka biyo baya, har masu lemon kwalbar nan suka aiko. Sharaɗinta ɗaya ne, ba a sa talla sai waƙa ta kai ƙarshe. Idan 'yan wasu gidajen rediyo suka tambaye ta ko tsofaffin waƙoƙi suna iya riƙe tasha a wannan zamani, takan ce ita dai tana da masu sauraron da ba sa murɗa tasha. Sai su yi dariya, ita ba ta yi.

Sau ɗaya ta haɗu da Manaja, a kantin magani. Ya rame, kwat ɗin ya yi masa yawa. Ya matso ya tsaya a gabanta, idanunsa sun kawo ruwa.

“Ki yafe…” ya ce, maganar ta yanke.

Ta san sauran. Kalma ɗaya ce, kowa zai iya ƙarasa masa. Ta tsaya ta dube shi, ta ba shi lokaci, har ya sunkuyar da kai. Sannan ta karɓi maganin Umma ta fita.

Sai dai masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Shekara uku ke nan Injiniya ba ta kwana a wani gari ba. Ba ta zuwa ko'ina da zai hana ta kaiwa gindin eriya kafin rana ta faɗi. Ko zazzaɓi take yi sai ta je ta goge bencina, ta ɗora faifai, ta rera waƙar sallama da bakinta, tunda faifan ya fashe kuma ba a samu irinsa ba. A da tana zaton son aiki ne ya hana Baba zuwa ko'ina.

Watan jiya jikin Umma ya tsananta, aka kwantar da ita a asibiti. Da la'asar sakaliya likita ya ja Injiniya gefe ya ce kada ta yi nisa yau. Ta koma ta zauna a bakin gado ta riƙe hannun uwarta, mai sanyi, mara nauyi. Hasken taga ya fara yin ja. Ta yi iya ƙoƙarinta kada ta kalli agogo, amma ƙirjinta ya fara ɗaurewa, numfashi yana tsayawa a rabi.

Umma ta buɗe ido ta gan ta.

“Lokaci ya yi ko?”

“Umma, yau ba za ni ba.”

“Haka babanki ya ce ranar da zan haife ki.” Ta zare hannunta a hankali ta mayar cikin mayafi. “Tashi ki je, 'yar nan. Ni na saba.”

Ta je. Tana kuka ta goge bencinan. Waya ta fara ƙara a jakarta tana tsakiyar waƙar sallama, ta ga sunan asibitin yana haske ta bakin jakar. Ba ta ɗauka ba sai da ta kai ƙarshen waƙar.